Yadda ake gano matsalar hoto tsakanin na'urar DVD da tele kafin a kai wa mai gyara

A gidaje da yawa na Maradi har gobe na'urar DVD tana nan ƙarƙashin tele, duk da wayar hannu ta ƙwace mata kasuwa. Faifai ne suka riƙe ta: na bikin aure, na suna, na walimar saukar Alƙur'ani, na tafsirin azumi, na kokowar gargajiya, ga finafinan Kano da na Indiya cike da kwali. Wasu daga cikinsu babu kwafinsu a ko'ina sai wannan guda ɗin. To ran da aka taru za a kalla, hoto ya ƙi fitowa, ko ya fito baƙi da fari, ko ya riƙa gudu sama, abin da aka saba shi ne a ɗora na'urar bayan kabu-kabu a nufi wajen mai gyara, ko ma a ce ta mutu a sayo wata. Abin yana damuna, domin sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, tele ma haka. Waya ce ta tsinke daga ciki, ko an cusa ta a ramin da ba nata ba, ko yaro ya danna wani maɓalli a telekomand.

Kafin hoto ya iso idonka yana ratsa wurare biyar: faifai, na'ura, waya, ramin da wayar ta shiga, sannan tele. Aikinka shi ne ka gano inda ya maƙale. Sharaɗin guda ne: abu ɗaya za ka canza, ka duba, sannan ka wuce gaba. In ka sauya waya da faifai da saiti a lokaci guda, ko hoton ya dawo ba ka san mai laifin ba, kuma gobe zai sake yi maka.

Gwaji biyu da ake farawa da su

Fitar da faifan, rufe ƙofar, ka bar na'urar a kunne. Na'urar DVD tana da hoton kanta da take nunawa in babu faifai a ciki, yawanci sunan kamfanin da ya ƙera ta. Tsaya ka dube shi da kyau. Idan ya fito tas da launinsa, ba ya rawa, to waya da rami da tele sun fita daga zargi, saura faifai, ko idon na'ura mai karanta faifan, ko tsarin launin da aka buga faifan da shi. Idan kuwa wannan hoton ma a lalace yake, kada ka wahalar da kanka da goge faifai, ba can matsalar take ba.

Na biyu, ɗauki telekomand na tele ka ƙara sauti ko ka buɗe menu. In rubutun ya bayyana sarai da kalarsa, gilashin tele yana da rai. Sai ka juya zuwa Télé Sahel ko wata tasha ta dekoda. Hoton tasha mai kyau yana nufin lalurar a hanyar DVD take: na'urar, ko wayarta, ko ramin da ta shiga, ko saitinsa. Amma in duk inda ka juya haka yake, tele ce ba ta da lafiya, ka ƙyale DVD ta huta. Ga masu filasma, wato telen zamani marar ƙaton baya, akwai ƙarin dabara: idan sauti yana fita amma fuska baƙi ƙirin, kashe fitilar ɗaki ka haska tocilan dab da gilashin. In ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, fitilun da ke haska gilashin daga baya ne suka mutu. Wannan aikin mai gyara ne, babu ruwan DVD a ciki.

Idan babu hoto sam

Fara da abin da aka fi rainawa. Tele tana da ƙofofin shiga da yawa, kuma ɗaya kawai take nunawa a lokaci guda. Nemi maɓallin da aka rubuta AV, ko SOURCE, ko INPUT, ko TV/AV a kansa. A wasu telekomand babu rubutu, sai zanen akwati da kibiya tana shiga cikinsa. Danna sau ɗaya, ka ɗan jira, sannan ka sake. Masu gaggawa sukan tsallake ƙofar da ake nema ba su sani ba, domin wata tele takan ɗauki daƙiƙa biyu ko uku kafin ta kama hoto. Duba bayan tele ka ga sunan da ke kusa da ramin da ka sa waya, AV1 ne ko AV2, shi za ka zaɓa.

In hakan bai yi ba, kashe na'ura da tele, zare su daga wuta, ka juyo bayansu wajen haske. Ina nanata zare su daga wuta, don yawancin gidajenmu ba su da wayar ƙasa, shi ya sa wani lokaci ka ji jikin na'ura yana ɗan jan hannu. Cire waya da mayar da ita a wannan hali yana iya ƙona ramin.

Wayar da aka fi sani ita ce mai kai uku: rawaya, fari da ja. Rawaya ita kaɗai ke ɗaukar hoto, fari da ja na sauti ne. A bayan DVD kan rawaya yana shiga ramin da aka rubuta VIDEO OUT ko CVBS. Kusa da shi sau da yawa akwai wani rami mai kama da shi, ruwan lemo ko baƙi, an rubuta COAXIAL. Na sauti ne, ba ya ba da hoto, kuma a ɗaki mai duhu yana ruɗin mutane ƙwarai. A bayan tele kuma ka tabbata ramin na shiga ne. Tsofaffin tele da yawa suna da jeri biyu, ɗaya IN ɗaya OUT, ko Entrée da Sortie, launinsu iri ɗaya. In ka sa a OUT, har gari ya waye ba za ka ga komai ba.

Yanzu gwajin wayar kanta, kuma ba sai ka sayi komai ba. Waɗannan wayoyi uku launin kansu ne ya bambanta, amma a gajeren zango kowacce tana iya aikin ƴar'uwarta. Cire rawaya daga ɓangarorin biyu, ka ɗauki jar ka sa ta a ramin rawaya na DVD da ramin rawaya na tele. Idan hoto ya fito, wayar rawaya ce ta tsinke, yawanci a wuyanta inda ake lanƙwasa ta in an tura tele jikin bango, ko ɓera ya taɓa ta. Sayi sabuwa mai ɗan kauri, gajera. Mita ɗaya da rabi ya isa. Mai sirantaka kamar zaren ɗinki ba ta daɗewa, kuma tana kwasar layuka daga wayoyin wuta.

Akwai kuma hoton da ke zuwa yana tafiya in ka motsa kan wayar. Gwada wata waya. In haka ya ci gaba, dalmar da ta riƙe ramin daga ciki ce ta tsage. Kafin a gyara, koma ramin gefe ko na gaba in tele tana da shi. Kada ka tokare wayar da tsinke ko ka ɗaure ta da roba, tsagar ƙaruwa za ta yi.

Maɓallin da ke ɓatar da hoto

Wannan ita ce matsalar da ta fi sa a yanke wa na'ura hukuncin mutuwa bisa kuskure. Sauti yana fita lafiya, lambobi suna tafiya a gaban na'ura, amma fuskar tele baƙi ce ko shuɗiya, ko hoton ya rabu biyu yana karkarwa, ko ya zama layuka a karkace. Jiya kuwa lafiya aka kwana.

Na'urar DVD tana iya fitar da hoto ta hanyoyi daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda ake rubutawa P-SCAN ko Progressive, an yi ta ne don wayoyi masu kore da shuɗi da ja, ko HDMI, wato wayar zamani guda mai ɗaukar hoto da sauti tare. A na'urori da yawa da zarar an kunna ta ramin rawaya ya daina ba da hoton da tele za ta gane. Abin takaicin shi ne menu ɗin da za ka shiga ka gyara shi ma ba ka ganin sa.

Ƙananan na'urorin da suka cika shagunan Babbar Kasuwa yawanci suna da maɓallin wannan aiki a telekomand: V-MODE, ko VIDEO, ko P-SCAN, ko I/P. Cire faifai, ko ka bar ƙofar a buɗe, domin wasu ba sa karɓar umarnin in fim yana tafiya. Danna sau ɗaya, ƙirga zuwa biyar a hankali, ka duba tele. Sake dannawa, sake jira. Hanyoyin zagayawa suke yi, don haka a cikin dannawa biyar ko shida za ka dawo kan wadda ta dace. A wasu na'urori da ba su da wannan maɓalli, ana cire faifai, a rufe ƙofa, a danne STOP kamar daƙiƙa biyar, sai hoto ya koma yadda aka saba. In duk bai yi ba, ɗauki na'urar zuwa gidan maƙwabci mai filasma, a haɗa ta da HDMI ko da wayoyi masu kore da shuɗi da ja. Can menu zai bayyana. Shiga SETUP, nemi wajen VIDEO, mayar da shi CVBS ko Interlace, ko ka zaɓi DEFAULT don komai ya koma yadda ya fito daga kamfani.

In telekomand ɗin ya ɓata, na kasuwa da ake cewa yana aiki da kowace na'ura ba lallai ya zo da wannan maɓallin ba. Je da na'urar shagon a gwada a gabanka kafin ka biya.

Hoto ya fito, amma baƙi da fari

Nan ne Maradi ta bambanta da wurare da yawa, don kayanmu daga ko'ina suke. Wata tele ta shigo daga Kano ko Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa. Wata ta hannu ce daga Turai, ta biyo ta Kwatano ko Lome. Wata daga Dubai ko Sin. Faifai ma haka. Duniya kuwa ba tsarin launi ɗaya take bi ba, uku ne. Najeriya da yawancin Turai sun bi PAL. Faransa ta bi SECAM, Nijar da yawancin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suka bi ta wajen watsa shirye-shirye ta eriya. Amurka da Japan kuma NTSC. PAL da SECAM layi 625 suke jerawa, hoto 25 a daƙiƙa. NTSC layi 525, hoto kusan 30.

Abin da ya kamata ka sani shi ne babu faifan DVD na SECAM. Ko a Faransa aka buga shi, PAL ne. Na'urar DVD ma PAL ko NTSC take fitarwa. Don haka idan wani ya taɓa shiga menu na tele ya ɗaure tsarin launi a kan SECAM don ya kama tashar gida da kyau, DVD za ta iya fita baƙi da fari. Gyaran: kana kan AV, buɗe menu na tele, nemi inda aka rubuta Colour System ko Système couleur, ka mayar da shi AUTO ko PAL. Teloli da yawa suna riƙe saitin kowace ƙofa daban, shi ya sa dole sai kana kan AV ɗin za ka canza. Kana nan kuma ka duba ko ba a rage kalar zuwa sifili ba ne. Yara suna yin haka.

Sai ɓangaren na'ura. Shiga SETUP ka nemi TV SYSTEM ko TV TYPE. Za ka ga PAL, NTSC, da AUTO ko MULTI. Mutane suna son AUTO don sunan yana da daɗi, amma ma'anarsa ita ce na'ura ta miƙa wa tele duk abin da faifai ya zo da shi yadda yake. In faifan NTSC ne, tele kuma ba ta san NTSC ba, sai ka ga baƙi da fari, wani lokaci har da gudu sama ba tsayawa. Alamarsa a fili take: wani faifai yana fita da kala, wani babu. Shawarata a nan garin, ka ɗaure na'urar a kan PAL. Yawancin ƙananan na'urori suna juya NTSC zuwa PAL da kansu in an umarce su. Motsin hoton zai iya ɗan yin tsalle-tsalle kaɗan, amma kala za ta zo. In hoton yana gudu har ba ka iya karanta menu, nemi maɓallin N/P ko P/N a telekomand, aikinsa ke nan.

Tele tsohuwa ƙwarai wadda SECAM kaɗai ta sani ba ta da magani a saiti. In ba ta da faffaɗan ramin nan na Peritel da za a yi bayaninsa a gaba, mai karɓar launukan hoto a rarrabe (RGB), baƙi da fari za ta ci gaba da nunawa, sai dai a sauya ta.

Dalili na uku ya fi yawa a filasma. A bayanta za ka ga ramuka kore, shuɗi da ja, babu rawaya. Mutum ya sa rawaya a kore, hoto ya fito amma babu launi. Duba ramin koren da kyau. In an zagaye shi da rawaya ko an rubuta Y/VIDEO, an yi shi ne don aiki biyu, kuma wayarka tana daidai. Kuskuren a zaɓin ƙofa yake. Danna SOURCE ka zaɓi AV, ba Component ba. In kuwa Y kaɗai aka rubuta, ba wurin rawaya ba ne. Sai ka haɗa da waya mai kai biyar, kore da shuɗi da ja na hoto, fari da ja na sauti, ka shiga SETUP ka mayar da VIDEO kan YUV. Hoton wannan hanyar ma ya fi na rawaya kyau nesa ba kusa ba.

Peritel, ƙaramin rami, da HDMI

Telolin hannu na Turai suna zuwa da wani faffaɗan rami mai haƙora 21. Shi ne Peritel, wasu su rubuta SCART ko EXT. Daga 1980 zuwa 2015 Faransa ta wajabta sa shi a kan telolin da ake sayarwa a ƙasarta, shi ya sa ya cika kasuwannin kayan hannu a nan. Ana haɗa shi da waya mai kai uku ta wani ɗan adafta. A jikin adaftan sau da yawa akwai ƙaramin makunni mai IN da OUT. In a bayan tele ka sa shi, IN ne daidai. Shi kaɗai ya hana gidaje da yawa kallo. Adaftan kuma yana da nauyi, yana saɓulowa ta gefe guda, sai sauti ya ci gaba da fita hoto ya ɓace. Tura shi har ya zauna daram. In hoton baƙi da fari ne, duba ko ba a sa ƙofar a kan S-VIDEO ko Y/C ba, ka mayar da ita AV.

Wasu filasma sun rage ramukan uku zuwa ɗan rami guda irin na abin sauraro a kunne, an rubuta AV IN. Yana buƙatar gajeriyar wayar da ta zo cikin kwalin tele. Kamfanoni ba su haɗa kai kan tsarin cikinta ba, don haka ta kasuwa za ta iya ba ka ƙugi a madadin hoto. In hakan ta faru, gwada sa kan rawaya na DVD a jan rami ko farin rami na ƴar wayar, wani lokaci hoton can ya koma.

In tele HDMI kaɗai gare ta, DVD kuma ba ta da shi, sai an sayi ɗan akwatin da ke juya hoto. Kula da alƙiblarsa: wanda aka rubuta AV zuwa HDMI kake so, ba HDMI zuwa AV ba, kamanninsu ɗaya amma ɗaya ba ya aikin ɗaya. Yana cin wuta ta USB, in ba ka sa masa ba ba zai tashi ba. Wayar nan kuwa da ake sayarwa, HDMI a kai ɗaya, rawaya da fari da ja a ɗaya kan, babu akwati a tsakani, kada ka sa kuɗinka. Harshen HDMI daban, na rawaya daban, waya zalla ba ta fassara.

Idan duka biyun suna da HDMI, yi amfani da shi. In tele ta rubuta cewa ba ta gane yanayin hoton ba, girman da na'ura take aikowa ne ya fi ƙarfinta: danna maɓallin HDMI ko RESOLUTION ka sauko zuwa 720p ko 576p. In hoto yana ƙyaftawa, ko ya rine ruwan hoda, ko ƙananan ɗige-ɗige farare suna walƙiya, kashe duka biyun daga wuta, zare wayar ka mayar, ka fara kunna tele sannan DVD. Bai daina ba, gwada wani ramin HDMI, sannan wata waya.

Launi a birkice, mutane sun yi tsawo

Fuskoki sun zama shuɗaye a waya mai kai biyar? An musanya shuɗi da ja. Ja ya ɓace gaba ɗaya, komai ya koma kore-kore? Jajayen kawuna biyu ne a wannan waya, ɗaya na hoto ɗaya na sauti, an sa na sauti a wurin na hoto. A tsohuwar tele mai ƙaton baya, in kusurwa guda ta yi tabon shunayya ko kore, dubi abin da ke kusa da ita. Manyan lasifikoki suna da maganaɗisu. Matsar da su nesa, kashe tele daga wuta kamar rabin awa, ka sake kunnawa. Tana da abin da ke wanke tabon da kansa duk lokacin da aka tashe ta da sanyinta.

In mutane sun yi sirara dogaye, ko gajeru masu faɗi, a SETUP na DVD ka gaya mata irin telenka: 16:9 ga filasma, 4:3 LB ga tsohuwa. Baƙin layi sama da ƙasa a finafinan Indiya ba lalura ba ce, haka aka ɗauki fim ɗin. Hoton da ke haske yana duhu, yana haske yana duhu, in DVD ta bi ta cikin tsohuwar na'urar kaset kafin ta isa tele, kariyar hana kwafi ce da ke cikin faifan asali. Haɗa DVD da tele kai tsaye.

Layukan da ke hawa a hankali

Faffaɗan layi mai duhu da ke tafiya daga ƙasa zuwa sama, sau da yawa tare da ƙugi a sauti, maganar wuta ce. Wutar gidajenmu 220 ce, amma da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji, takan yi ƙasa. Lura da lokacin da layin yake zuwa. In sai an tashi gurup, wato injin ba da wuta, ko sai an koma kan batir da konbatisa mai juya wutarsa ta zama irin ta gida, to daga can yake. Raba wayar hoto da wayoyin wuta, kada a naɗe su tare. Zare cajojin waya da ke kan ralonj ɗaya, wato wayar ƙarin wuta, da na'urar, kashe fanka da ƙananan fitilu masu arha ɗaya bayan ɗaya kana kallon tele. Cire wayar dekoda ko ta eriya daga tele na ɗan lokaci. In layin ya ɓace, ta can yake shigowa. A ƙauyukan Madarunfa da Tibiri inda ake kallo da batir, in hoton tsohuwar tele ya fara tsukewa daga gefe, batir ne ya yi sanyi.

Idan ka kai na'urar wani gida, da wata waya da wata tele, layin ya bi ta, to wasu ƙananan kayan ɓangaren wutarta da ake kira kondansato sun gaji. Zafi ne ke kashe su, musamman in an ɗora na'urar kan dekoda ko an lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki. Gyara ne mai sauƙi ga mai gyara. Kuma duk na'urar da aka aiko maka daga Amurka, karanta takardar da ke bayanta kafin ka sa a wuta. In 120V kaɗai aka rubuta, wutarmu za ta ƙona ta nan take.

Hoto yana tsayawa yana farfashewa

Hoton da ke daskarewa, ya farfashe ƙananan murabba'ai, ya yi tsalle zuwa gaba, ba laifin wayar rawaya ba ne, ba na tele ba. Na'ura ce ta kasa karanta faifai. Gwada faifai uku da ka san suna da kyau. In ɗaya ne kawai ke yi, kuma a wuri guda kullum, faifan ne. Riƙe shi ta gefe, ka goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, miƙe, ba zagaye ba, domin bayanan a zagaye suke kwance kuma ƙarzuwar da ta bi zagayen ta fi ɓarna. In akwai maiƙo, wanke da ruwa da ɗan sabulu, ka bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da turare. Faifan da ya lanƙwashe don an bar shi a rana ya tafi ke nan. Faifan da masu ɗaukar biki ke bugawa, masu shunayyar ƙasa, sun fi na kamfani saurin lalacewa da zafi da haske.

In duk faifan suna yi, idon na'ura ne. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina a garin nan, kuma ɗan abin da ya kwanta kan idon ya isa. Mai ƙarfin hali zai iya zare na'urar daga wuta, ya jira mintoci, ya kwance murfin, ya ɗan jiƙa auduga mai tsinke da alkol na kantin magani, ya shafi idon sau biyu a hankali ba tare da dannawa ba, ya bari ya bushe. Kada a taɓa ɓangaren da wayar wuta ta shiga, kada kuma a kunna ta a buɗe ana leƙen idon. Akwai wata alama mai amfani: in na'ura tana karanta CD da VCD amma ta ƙi DVD, ba datti ba ne kawai. Hasken da ke karanta DVD daban yake da na CD, kuma nasa ne ya raunana. Sai an canza idon.

Abu biyu kuma ba lalura ba ne. Faifan da aka cusa wa finafinai da yawa an matse hotonsa tun wajen bugawa, ba saitin da zai gyara shi. Haka VCD, wanda ɗigon hotonsa 352 ne a 288, alhali DVD 720 ne a 576, filasma babba kuwa 1920 a 1080, dole ya yi dishi-dishi a kanta. In kuma na'ura ta rubuta Wrong Region, shiyya ce ba ta dace ba: Nijar da Najeriya da Indiya shiyya ta 5 ne, Turai da Saudiyya ta 2, Amurka ta 1. Faifan da aka buga a gida yawanci ba su da wannan kulle.

In dole sai an je wajen mai gyara

Tsohuwar tele mai ƙaton baya kada ka buɗe ta ko da wasa. Tana riƙe wuta mai ƙarfin dubban volt a cikinta ko bayan an zare ta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Je da na'urar, da telekomand, da wayar da kake amfani da ita, da faifai biyu, mai yi da marar yi. Kada ka ce masa kawai ta lalace. Ce masa: "Maigida, na sauya waya, na gwada a wata tele, hoton kamfanin yana fita da kala, amma DVD ba ta karantawa, CD tana yi." Wannan bayanin ya rage masa rabin aiki, kai kuma ya tsare ka daga biyan gyaran abin da bai lalace ba. Tambayi kuɗin ido kafin a kwance, ka gwada da kuɗin sabuwar na'ura, domin a ƙananan nan wani lokaci tazarar ba ta da yawa. In an gama, a sa faifanka ya yi tafiyar minti goma a gabanka, a tsallaka zuwa ƙarshen fim ɗin ma, don can bakin faifai ne raunin ido da na injin da ke juya faifai ya fi bayyana.

In sabuwa za ka saya, nemi mai ramin rawaya da HDMI duka, mai wurin sa kile ta USB, wadda menu ɗinta ke da zaɓin PAL. Faifan biki da na suna kuwa, tun suna karantuwa ka kai su wajen mai kwamfuta a kwafe maka a kile da katin waya, a ba wani ɗan'uwa kwafi guda ya ajiye a gidansa.